RA'AYI: Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, itacen da Kano ke shan inuwarsa

Duk wanda ya shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala da ke cikin birni, ya tambayi manyan likitocin da furfura ta fara fito musu inda suka yi sakandare, da wuya ya zaga ɗakuna uku bai ji an ambaci Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa ba. Haka abin yake a sassan kimiyya da injiniyanci na Jami'ar Bayero. Haka kuma yake a wasu asibitocin Saudiyya da Ingila da Amurka, inda akan tarar da Bakano cikin farar rigar likita, wanda ya fara riƙe kwalbar gwaji a wani gari da ke bayan birnin Kano, a makarantar gwamnati, ba tare da mahaifinsa ya sayar da gona ba.

A 2027 waɗannan makarantun kimiyya guda biyu za su cika shekara 50. Ba sai an yi duba ba, an san yadda bikin zai kasance: za a ɗinka anko, a kafa rumfuna, a raba lambobin yabo, tsofaffin ɗalibai su tuna gabza da miyar kuka da bulalar siniyoyi su yi ta dariya. Babu laifi a cikin wannan. Sai dai akwai tambayar da ta fi anko muhimmanci, kuma gara a yi ta tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: me ya sa waɗannan makarantu suka yi nasara, kuma shin abin da ya jawo nasarar yana nan?

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayun 1967, jihar ta gaji yawan jama'a, ta gaji kasuwa da tarihi, amma ba ta gaji ƙwararrun ma'aikata ba. Rikicin 1966 ya sa dubban 'yan kudu da ke riƙe da ayyukan jirgin ƙasa da lantarki da gidan waya da asibitoci sun tattara sun koma gida. Gwamna Audu Bako ya shimfiɗa manyan ayyuka, ciki har da madatsun ruwa na Tiga da Bagauda, amma aikin da ke buƙatar ilimin injiniya sai an nemo baƙi. Da kuɗin man fetur suka fara kwarara bayan 1973, sai matsalar ta ƙara fitowa fili. Ga kuɗi a hannu, ga ayyuka a takarda, amma babu 'yan jiha isassu da za su riƙe su. Gurbin karatun likita da na injiniya yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma yaran Kano masu sakamakon Fiziks da Kemistiri da Lissafi da zai shigar da su ba su taka kara sun karya ba.

A zamanin mulkin Kanar Sani Bello, wanda ya riƙe jihar daga 1975 zuwa 1978, aka zauna a kan wannan matsala ta ƙarancin ma'aikata. Sunaye biyu ba sa rabuwa da labarin: Dakta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki wanda yake kwamishina a lokacin, da Alhaji Ado Gwaram, wanda ya ja ragamar aikin a farkonsa. Abin lura shi ne, tunanin ya fito ne daga ɓangaren masu tsara tattalin arzikin jiha. Su lissafi suka yi irin na ɗan kasuwa. Kuɗin da ake da su da malaman kimiyyar da ake da su ba za su isa a gyara kowace sakandare a jihar ba, kuma Kano ta wancan lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau. Idan aka barbaɗa su ko'ina kamar gishiri a kogi, babu inda za a ji ɗanɗanonsu. Don haka a tara su wuri ɗaya, a tara yaran da suka fi hazaƙa a wurin, a ga abin da zai faru.

Aka ɗauki makarantu biyu da dama suna nan, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, garin da aka sani da tukwane, aka mayar da su na kimiyya zalla a 1977. Yaro ba ya shiga daga firamare kai tsaye. Sai ya gama aji biyu a sakandaren da yake, ya zauna jarrabawar zaɓe, idan ya ci a ɗauke shi ya yi sauran shekara uku a can. Da aka koma tsarin 6-3-3-4, sai zaɓen ya koma bayan kammala ƙaramar sakandare. Wanda ya shiga kuwa babu ƙofar gudu. Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Lissafi dole ne, ba a kauce musu a fake da wani darasi mai sauƙi. Rukunin farko ya fita a 1980.

Ajiye makarantun a bayan gari ma hikima ce da ba kasafai ake yaba mata ba. Garuruwan biyu ba su da nisan da zai hana malami ko kayan aiki isa daga birni, amma suna da nisan da zai raba yaro da gidan silima da majalisar unguwa da aiken kasuwa. Kuma a ɗakin kwana ɗaya, ɗan attajirin Fagge da ɗan manomin Birniwa kwano ɗaya suke bi layi da shi, fitila ɗaya suke karatun dare a ƙarƙashinta. Yaron ƙauye da ba shi da wanda zai duba masa aikin gida, ba shi da tebur, ba shi da lantarki, makarantar kwana ce kaɗai ta ba shi awa uku na shiru kowane dare. Masu cewa makarantar kwana tsohon yayi ce yawanci mutane ne da gidajensu ke da ɗakin karatu.

Amma babban sirrin yana ofis ne, inda ɗalibai ba sa gani. An cire waɗannan makarantu daga ƙarƙashin tafiyar hawainiya ta ma'aikata, aka ba su hukumarsu ta kansu, mai ɗaukar malamanta, mai sayen kayanta, mai shirya jarrabawarta. A 1982, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka ba hukumar cikakken gindin zama a doka. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan sinadari ya ƙare a ɗakin gwaji, takardar neman sabo ba za ta kwana wata shida tana yawo daga tebur zuwa tebur ba. Idan malamin Fiziks ya tafi, ba sai an jira rabon malamai na shekara ba. Kuma, wanda ya fi komai, idan wani babba ya aiko da 'yar takarda a saka ɗansa, akwai wanda ke da hurumin cewa a'a.

Daga baya aka faɗaɗa. Aka buɗe ta 'yan mata a Taura a 1981, abin da a wancan zamanin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, idan aka tuna yadda iyaye da yawa ke kallon karatun 'ya mace bayan firamare. Aka ƙara wasu a Jahun da Kafin Hausa. Da aka yanke Jigawa a 1991, waɗannan ukun suka bi ta, Kano ta sake gina nata, irin su ta 'yan mata da ke Garko.

Ba kowa ne ya yi na'am da shirin ba, kuma bai kamata a share hujjar waɗanda suka ƙi shi ba. A cikin Ma'aikatar Ilimi kanta an samu masu ganin cewa wannan fifita 'yan tsiraru ne da dukiyar kowa. Shugabannin wasu makarantu ma ba su ji daɗi ba, kuma suna da dalili: an zo an tsince musu yaran da suke taƙama da su, an bar su da sauran, sannan a ƙarshen shekara a kwatanta sakamakonsu da na Dawaki. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma har gobe yana nan. Kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibi ɗaya a makarantar kimiyya ta kwana zai iya sayen benci ga aji guda a wata makarantar jeka-ka-dawo.

Sai dai amsar ita ma tana da ƙarfi. A ƙasar da babu makarantar gwamnati mai inganci ko ɗaya, fifiko ba ya gushewa, komawa yake yi hannun mai kuɗi. Ɗan mai hali zai tafi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna ko Alƙahira, ya dawo ya zama likita. Ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa kuwa ya ƙare a tashar mota yana lissafin canji da ka, kowa na mamakin saurinsa. Abin da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka yi shi ne sauya ma'aunin fifikon daga aljihun uba zuwa takardar jarrabawar ɗa. Muddin jarrabawar nan tana da tsabta, shirin yana da hujjar da zai kare kansa a gaban kowa. Ranar da ta gurɓace, masu suka sun yi gaskiya, domin a lokacin talaka ne ke biyan kuɗin karatun ɗan mai alfarma.

Kano ba ita kaɗai ta yi wannan tunani ba. Malesiya ta fara gina makarantun kimiyya na kwana domin yaran karkara tun farkon shekarun 1970. Indiya ta ƙaddamar da nata tsarin a 1986, wato makarantun Navodaya, inda ake son kowace gunduma ta samu makarantar kwana guda ta haziƙai, kyauta, kuma aka ware kashi 75 cikin 100 na gurabe ga yaran ƙauye. Yau suna da irinsu sama da 600. Kano ta riga Indiya da shekara tara. Har cibiyar tsara ilimi ta UNESCO da ke Paris ta buga nazari a kan wannan gwaji a 1992, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta, shi da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goma na farkon makarantun. Wato akwai lokacin da masana daga waje ke leƙo Kano domin su ga yadda ake yi.

Nasarar kuwa ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya san Kano. Jihar da a 1975 take neman likita ɗan ƙasa ido rufe, yau tana da asibitin koyarwa na tarayya, tana da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil tun 2001, kuma tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya suna cikin waɗanda suka riƙe waɗannan wurare. Akwai likitocin mata da suka fito daga Taura, waɗanda saboda su magidanci da yawa ya yarda matarsa ta je awo. Wannan riba ce da ba ta shiga lissafin masu tsara shirin da farko ba, amma wataƙila ta fi sauran taɓa rayuwar gidaje.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa a wurin biki. An kafa makarantun ne domin Kano ta samu ma'aikata, amma wani kaso na waɗanda aka horar yau suna duba marasa lafiyar wasu ƙasashe. Talakan Kano ya ciyar da yaro shekara uku, ya biya masa jarrabawa, jiha ta ba shi tallafin karatu a jami'a, sannan wani asibiti a ƙasar Larabawa ya girbe. Zagin waɗanda suka tafi ba zai dawo da su ba, kuma duk wanda ya san albashin likita da yawan marasa lafiyar da yake gani a rana a asibitin gwamnati ba zai yi saurin jifansu ba. Amma bashi ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke kansa. Za a dawo kan yadda ya kamata a biya shi.

Abin da ya fara sassauta ginin shi ne kuɗi. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja, don haka malamin Kemistiri daga Indiya ko Pakistan ko Masar ko Ghana yana iya zama a Dawaki ya koyar, ya aika wa iyalinsa abin kirki. Bayan faɗuwar farashin mai da shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986, Naira ta zube, baƙin malamai suka kama hanya. Sinadarai da kayan gwaji, waɗanda kusan duk daga waje ake sayo su, suka yi tsadar da kasafin makaranta ba ya iya ɗauka. Abin takaici shi ne, dalilin da ya kori malamin Indiya daga Dawaki a wancan lokacin shi ne yake korar ɗalibinsa daga Kano a yau.

Na biyu shi ne son yawa. Da aka ga sunan “makarantar kimiyya” yana da farin jini wurin iyaye, sai kowace gwamnati ta so ta ƙara nata, a Kano da sauran jihohin Arewa. Sauya allon ƙofar makaranta aikin yini ɗaya ne. Samar da malamin Fiziks da ya san abin da yake yi aikin shekara goma ne. Idan aka raba malamai goma ga makarantu biyu, an samu makarantun kimiyya biyu. Idan aka raba su ga makarantu ashirin, an koma gidan jiya, wato gishirin nan a kogi, abin da aka kafa shirin domin a guje masa. Kimiyya kuma ba a haddace ta kamar karatun allo. Yaron da bai taɓa ɗiga asid a kwalba da hannunsa yana jiran launi ya sauya ba, sai satin jarrabawar WAEC, ba a koya masa Kemistiri ba, an ba shi labarinta ne.

Na uku, wanda babu wanda ya hango shi a 1977, shi ne tsaro. Nisan nan daga gari da ya kasance alheri, shi ya zama abin tsoro. A watan Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A watan Fabrairun 2021 suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, bayan kwana tara kuma suka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. A lura, aƙalla biyu daga cikin ukun nan makarantun kimiyya ne na gwamnati, na kwana, a wajen manyan birane, wato irin samfurin Dawaki. A daidai wannan lokaci gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke gefen jihar, ciki har da makarantar kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya, Gayar Kano ba ta Nijar ba. Ba a ga laifin gwamnatin da ta rufe makaranta domin ceton rai ba. Amma duk lokacin da aka rufe makarantar kwana aka ce yara su koma jeka-ka-dawo, ɗan birni ya sauya makaranta ne kawai, ɗan ƙauye kuwa sau da yawa karatun ne ya ƙare.

Wannan matsala ba ta tsaya a iyakar Najeriya ba, kuma tunda an ambaci Gaya, a tsallaka zuwa ɗaya Gayar. A jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, a yankin da ƙasar ta haɗa iyaka da Benin da Jihar Kebbi, akwai garin Karakara da ƙauyukan da ke kewaye da shi, inda kasuwannin Kebbi suka fi wa manomi kusa da Yamai nesa ba kusa ba. Yaron ƙauye a irin wannan yanki idan ya gama firamare ya samu shiga kwaleji, abu na farko da mahaifinsa zai nema shi ne mai masauki a garin da makarantar take. Idan an dace da gidan kirki, to. Idan ba a dace ba, yaro ya zama ɗan aike, yarinya ta zama mai wanke-wanke, kafin a kai ga jarrabawar BEPC an janye ta an yi mata aure. Wanda ya tsallake wannan, idan yana son karatun kimiyya mai zurfi, idonsa na kan manyan garuruwa, irin su Dosso mai makarantar Sarauniya Mangu, ko Yamai inda makarantar haziƙai ta Lycée d'Excellence take ɗaukar ɗalibai ta hanyar gasa.

Gwamnatin Mohamed Bazoum ta gane wannan ciwo, shi ya sa ta fara gina wa 'yan mata gidajen kwana a makarantun karkara kafin juyin mulkin Yulin 2023. Ko mutum yana son Bazoum ko ba ya so, wannan tunani daidai ne, kuma bai kamata ya bi mai shi ba. Abin da tarihin Dawaki zai ƙara wa mahukuntan Nijar da 'yan Dosso mazauna Kwatano da Legas da Faransa shi ne, ɗakin kwana kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa shi da jarrabawar shiga mai tsabta, da malaman da aka zaɓa, da hukumar da ke riƙe da kuɗinta. Makaranta guda irin wannan a tsakiyar yankin Gaya za ta yi wa ɗan Karakara abin da azuzuwan zana hamsin ba za su yi masa ba.

A dawo Kano. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda da bakinsa ya bayyana cewa miliyoyin yara a jihar a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. An ƙara wa ilimi kaso a kasafin kuɗi, an yi gyare-gyaren azuzuwa. A sakamakon NECO na 2025 kuma Kano ta zo kan gaba a yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, su sama da dubu 68, aka yi ta murna a Facebook. Murnar tana da wuri, amma a tuna cewa wannan lissafin yawan kai ne, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi kowa tura ɗalibai jarrabawar. Bai gaya wa kowa yara nawa ne suka ci Fiziks da Kemistiri da makin da zai kai su ajin likita ba, bai kuma faɗi nawa ne daga cikinsu 'ya'yan makarantun gwamnati daga ƙananan hukumomin karkara ba. Wannan ita ce tambayar da aka yi a 1975, kuma ita ce ba a jin amsarta yanzu.

Gwamnatin da ke fama da yaran da ba su da benci tana iya ganin makarantun kimiyya a matsayin masu dama-dama, waɗanda za su iya jira. Kuskure ne. Malamin Lissafin da zai koyar a waccan makarantar mara benci nan da shekara goma, daga ina zai fito?

A nan ne maganar bashi ta dawo. Tsofaffin ɗalibai, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta KASSOSA da kuma rukunin 'yan aji daban-daban, sun yi ƙoƙari. Ana tara kuɗi a zaurukan WhatsApp, a gyara ɗakin kwana, a haƙa rijiyar burtsatse, a yi fenti, a kai littattafai. Allah ya saka. Amma fenti aikin gwamnati ne, kuma duk lokacin da tsofaffin ɗalibai suka ɗauke mata shi ba tare da sun nemi komai ba, sun koya mata cewa tana iya sakaci wani ya rufa mata asiri. Abin da waɗannan mutane suke da shi wanda ɗan kwangila ba shi da shi, shi ne murya da sani. A cikinsu akwai farfesoshi da manyan sakatarori da shugabannin asibitoci, mutanen da idan suka nemi ganin gwamna za a buɗe musu ƙofa. Wanda ke Landan ko Riyad kuma, Dala ɗari biyu da zai aika a sayi fenti, da zai haɗa ta da ta abokansa a ƙara wa malaman Fiziks da Lissafi wani abu a kan albashi duk wata, bisa sharaɗin su zauna, da ta fi amfani. Bango ba ya koyar da kowa.

Iyaye da yawa a yau suna ƙorafin cewa shiga makarantun nan ya fara zama sai da sanayya. Ko ƙorafin gaskiya ne ko zargi ne kawai irin na wanda ɗansa bai ci ba, maganinsa ɗaya ne, kuma ba ya cin kuɗi: a buɗe littafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jiha tana iya wallafa, duk shekara, yawan yaran da suka zauna jarrabawar shiga, da makin da aka tsaya a kai, da yawan waɗanda aka ɗauka daga kowace ɗaya cikin ƙananan hukumomi 44, da nawa ne suka fito daga makarantun gwamnati, nawa daga na kuɗi. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan yaran da suka yi ƙaramar sakandare a makarantun kuɗi na birni ne ke cinye guraben, to jarrabawar tana iya zama mai tsabta amma manufar ta mutu. A nan ne dabarar Indiya ta ware kaso ga yaran karkara ta cancanci a duba ta.

Haka nan a wallafa yawan malaman Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi da ke kowace makaranta, da yawan ɗaliban da ke gaban kowannensu, da sau nawa ɗan aji biyar ya shiga ɗakin gwaji a zangon da ya wuce. Idan alƙaluman suna da kyau, gwamnati ta samu abin taƙama na gaskiya. Idan ba su da kyau, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

'Yan rukunin 1980 yanzu sun haura shekara 60. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a cikinsu sun yi ritaya, malaman jami'a kuma suna dab da ita. Su ne suka ga makarantun a lokacin da komai ke aiki, su ne kuma za a zaunar a sahun gaba ranar biki. Kafin a kai ga zaɓen launin anko, kwamitin shirye-shiryen yana iya rubuta wa hukumar wasiƙa mai shafi ɗaya, ya nemi waɗannan alƙaluma na shekara biyar da suka wuce, ya kuma sanar da ita cewa za a karanta su a gaban gwamna a cikin jawabin maraba.